Ciwon farce yana da magani, amma ba na mako ɗaya ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ku ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wata cuta da mutane ba sa kawo ta a hira, kuma ba kasafai nake ganin ta a shafukan lafiya ba. Ina nufin ciwon nan da ke shiga farce ya sa shi kauri, ya mayar da shi rawaya ko ruwan ƙasa, ya bar shi yana marmashewa kamar itacen da gara ta ci. Na san wani zai ce ana ta hawan jini da ciwon ƙoda, wa ke ta farce? Ni ma haka na ɗauke shi da farko. Sai da na shekara 6 ina ɗauke da shi a babban yatsan ƙafata ta dama, na kuma ga yadda ya kusa raba yayana da yatsansa, sannan na daina yi masa kallon ƙaramin abu.

Aikina a ma'ajiyar kaya ne, kuma doka ce a wurin sai da takalmi mai rufi, irin mai ƙarfe a baki. Awa 10, wata rana 12, ƙafa na ciki tana gumi. Abin da ya fara kama ni cin ruwa ne a tsakanin ƙananan yatsu. Ga ƙaiƙayi, fatar ta yi fari ta tsattsage. In nemo man shafawa, in shafa kwana 4 ko 5, ƙaiƙayin ya lafa, in jefa sauran a durowa. Bayan wata 2 ya dawo, in sake. Haka muka yi ta kai da kawo kusan shekara guda. Daga baya sai na lura da wani ɗigo fari-fari mai ratsin rawaya a kusurwar farcen babban yatsa, can wajen baki. Na ɗauka bugewa na yi. Ba ya ciwo, don haka na ƙyale shi. A hankali tabon ya riƙa cin gaba zuwa gindin farcen, ƙarƙashinsa ya cika da wani abu mai kama da garin alli mai ɗan wari, farcen ya ɗago daga nama. Da aka shiga shekara ta uku, abin yankan farce ya daina kama shi saboda kauri, kuma duk takun da na yi sai saman takalmi ya danne shi. Kunyar ma ba ƙarama ba ce. Duk inda zan cire takalmi a gaban mutane sai in naɗe ƙafar a ƙarƙashina, ko in bar safa ko da ana zafi.

Ba zan ɓoye muku abin da na gwada ba, domin na tabbata cikin masu karanta wannan wasiƙa akwai waɗanda ke kan gwada shi yanzu. Na jiƙa ƙafa a ruwan khal kowane dare har wata 2. Saman farcen ya ɗan yi haske, na yi murna, amma ƙarƙashinsa yana nan yadda yake. Wani abokin aiki ya ce in daka tafarnuwa in ɗaure a kai in kwana da ita. Da asuba zafi ne ya tashe ni, fatar gefen yatsan ta tashi ta yi ƙuna kamar an zuba mata tafasasshen ruwa, na yi kwana 9 ina ɗingishi, farcen kuma ko gezau. Garin neman gira na kusa rasa ido. Na shafa man zafi mai mantol, na shafa wani mai da aka ce yana kashe kowace irin cutar fata. Akwai ma wanda ya ce in ɗiga kananzir, wani ya ce ruwan bilic, Allah ya taimake ni ƙunar tafarnuwa ta riga ta tsorata ni. A shekara ta huɗu wani akwati ya faɗo mini a ƙafa, farcen ya cire gaba ɗaya. Na yi hamdala, na ce shi ke nan, sabo zai fito lafiyayye. Sabon ya fito da cutar tun daga rabinsa.

Yayana ne ya kai ni ga gaskiyar lamarin, ba da niyya ba. Shi yana da ciwon suga fiye da shekara 10, kuma faratan ƙafarsa uku sun yi irin nawa, har sun fi. Da reza yake fere su. Wata rana reza ta zarce ta yanki nama, shi kuwa bai ji ba, saboda suga ta riga ta kashe masa jin taɓi a tafin ƙafa. Sai da matarsa ta ga jini a safa bayan kwana 2. Kafin mako ya zagayo ƙafar ta kumbura har idon sawu, ta yi ja, zazzaɓi ya rufe shi. Mako 3 ya yi a gadon asibiti, likitoci suna ta shawarar ko a yanke yatsan ko a bari. Allah ya sa aka bari. A cikin wannan jinya ne likitar da ke duba shi ta ga tawa ƙafar cikin silifa, ta ce, "Malam, kai ma naka tun yaushe?" Na ce ai wannan ba komai ba ne, na saba da shi. Ta ce, "Yayanka ma haka ya saba da nasa. Ka zo in duba."

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne ba ta rubuta mini magani a ranar ba. Ta yanki ɗan guntun farcen, ta kankaro garin da ke ƙarƙashinsa, ta aika ɗakin gwaji. Na tambaye ta dalili, tunda abin a bayyane yake. Ta ce ido yana ruɗi. Cikin faratan da suka lalace, kusan rabi ne kaɗai ƙwayar fangas, wato ƙwayar cuta dangin fumfuna, ke jawowa. Sauran rabin, ko tsohuwar bugewa ce, ko matsin takalmi na shekaru, ko cutar fata irin soriyasis, ko tsufa kawai. Duk suna iya sa farce ya yi kauri ya sauya launi. Wanda ya sha maganin fangas wata 3 alhali ba fangas gare shi ba, ya wahalar da hantarsa a banza, kuma ya jinkirta gano ainihin abin da ke damunsa. Gwajin kashi biyu ne. Akwai na duba da madubin ƙara girma, wanda ke fitowa da wuri, akwai kuma na raino, inda ake barin ƙwayar ta tsiro don a san ko wace iri ce, shi yakan ɗauki makonni. Nawa ya ɗauki kusan mako 3.

Sakamakon ya nuna ƙwayar da likitoci ke kira Trichophyton rubrum, wadda ita ce ta fi kowace yawan kama farcen ƙafa a duniya. Dangin fumfuna ce, kuma abincinta shi ne sinadarin keratin da aka gina farce da gashi da saman fata da shi. Ita ce dai ta cin ruwan da na yi ta wasa da shi. Tana fara zama a fatar ƙafa, in ba a kashe ta sarai ba sai ta kutsa ta bakin farce ta shige ƙarƙashinsa. A nan na fahimci abin da ya ɗaure mini kai shekara da shekaru. Cutar ba a saman farce take ba, tana cikin naman da farce ke kwance a kai. Farce kuwa Allah ya yi shi ne garkuwa, ba ya barin abu ya ratsa shi da sauƙi. Duk abin da na yi ta shafawa, a kan rufin ɗaki nake zuba shi, ɓarawon yana ciki. Shi ya sa ma cirewar farcen ba ta amfane ni ba, sabon ya tsiro ne a kan naman da ƙwayar ke zaune.

Kafin a ba ni magani sai da aka ɗebi jinina aka duba lafiyar hanta, aka kuma tambaye ni duk magungunan da nake sha. Sannan aka rubuta mini terbinafin, wanda wasu suka sani da sunan Lamisil, ƙwaya ɗaya mai miligiram 250 kullum har mako 12. Na farcen hannu mako 6 ake yi. Maganin yana bi ta jini ne ya isa gindin farce da naman ƙarƙashinsa, ya hana ƙwayar gina fatar jikinta har ta mutu, kuma yana zama cikin farcen watanni bayan an daina sha. Likitar ta gargaɗe ni da kyau. Ta ce idan na ga fitsarina ya yi duhu, ko idona ya yi rawaya kamar mai shawara, ko tashin zuciya da kasala suka ƙi tafiya, ko ƙuraje suka feso, in dakatar nan take in dawo. Irin wannan illa ga hanta ba ta cika faruwa ba, amma tana faruwa. Ni abin da na gamu da shi, wajen mako na 5 bakina ya daina jin ɗanɗano sosai, komai sai in ji shi lami. Na koma na faɗa, aka ce sananniyar illa ce ta maganin, aka duba ni, muka yanke shawarar in ƙarasa. Ɗanɗanon ya dawo makonni kaɗan bayan na gama.

Yanzu ga wurin da nake so masu karatu su tsaya da kyau, domin a nan ne mutane da yawa ke yanke ƙauna. Ranar da na haɗiye ƙwaya ta ƙarshe, na zauna na dubi yatsan. Farcen yana nan da kaurinsa da launinsa, kamar ban sha komai ba. Wallahi raina ya ɓaci. Abin da ya riƙe ni shi ne wata dabara da likitar ta yi tun ranar farko. Ta ɗauki wuƙar aikinta ta yi ɗan zane a kan farcen, daidai iyakar inda cutar ta tsaya ta wajen gindi, ta ce, "Kada ka riƙa kallon baki, gindi za ka riƙa kallo. Abin da ya lalace ba ya gyaruwa, turo shi waje ake yi. In zanen nan yana matsawa gaba kuma bayansa fes, to magani ya ci. In tabon ya tsallako zanen ya dawo baya, ka zo." Na duba, sai ga wani siririn layi na lafiyayyen farce, mai ruwan hoda, ya leƙo a bayan zanen. Faɗinsa bai wuce milimita 4 ba.

Lissafin ba shi da wuya. Farcen hannu yana tsiro kimanin milimita 3 a wata, na ƙafa kuwa tsakanin milimita 1 zuwa 1 da rabi. Don haka farcen hannu yana sabunta kansa cikin wata 4 zuwa 6, na babban yatsan ƙafa kuma sai wata 12 zuwa 18, kuma ga tsoho ya fi haka jinkiri. Ba maganin da ke sauya wannan. Nawa sai a wata na 14 na yanke guntun ƙarshe na ruɓaɓɓen farcen. Saboda haka duk wanda ya tallata muku wani mai ko ruwa da cewa zai warkar da farce cikin mako ɗaya ko biyu, ya kuma nuna hoton kafin da bayan, ku sani ba gaskiya ya faɗa ba. Iyakar abin da zai yiwu cikin mako shi ne a kankare saman farce ko a wanke masa launi. Wannan magana tana ƙona mini rai, saboda masu irin wannan talla kunyar mutane suke ci.

Ba kuma zan ce maganin asibiti ba ya kuskure ba. A gwajin da aka yi wa terbinafin a kan farcen ƙafa, ƙwayar ta mutu a wajen kashi 70 cikin 100 na masu sha, amma waɗanda ƙwayar ta mutu kuma farcen ya dawo sumul kamar da, kashi 38 ne kawai. Kuma shi ne mafi ƙarfi a cikin magungunan. Akwai itrakonazol, wanda ake iya sha mako 1 a huta mako 3, zagaye 2 don hannu, 3 don ƙafa. Shi ba a ba mai raunin zuciya, kuma ba ya jituwa da magunguna da dama, ciki har da wasu na rage kitsen jini. Akwai fulukonazol da ake sha sau ɗaya a mako na tsawon watanni. Tsohon maganin nan girisiyofulbin, wanda ya fito tun ƙarshen shekarun 1950, yana buƙatar shekara ko fiye don farcen ƙafa, kuma nasararsa kaɗan ce. Ketokonazol na sha kuwa, tun 2013 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗin kada a yi amfani da shi don ciwon farce ko na fata, saboda haɗarinsa ga hanta ya fi amfaninsa. Na ambaci sunayen nan ne don mutum ya san abin da ake ba shi ya kuma yi tambaya. Ban ambace su don wani ya je ya saya da kansa ba. Mai ciwon hanta, da mai juna biyu, da mai shayarwa, da wanda ke shan wasu magunguna kullum, kowane da nasa hukuncin, kuma likita ne zai yanke shi.

Wanda ba zai iya shan ƙwaya ba, ko wanda cutar ba ta ci rabin farcensa ba kuma ba ta kai gindi ba, akwai magungunan shafawa da aka yi musamman don farce, masu kama da jan farce marar launi. Amorolfin ana shafa shi sau 1 ko 2 a mako, bayan an goge saman farcen, wata 9 zuwa 12 a ƙafa. Siklopiroks kullum ake shafawa har mako 48, kuma waɗanda suka warke sarai da shi a gwaji ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Efinakonazol da aka amince da shi a Amurka a 2014 ya ɗan fi, kashi 15 zuwa 18. Ku dubi waɗannan alƙaluma. Magani ne da masana suka zauna suka tsara don ya ratsa farce, amma ga iyakar abin da ya iya. To ina ga ruwan khal? Akwai kuma man yuriya mai ƙarfin kashi 40, shi ba ya kashe ƙwayar, amma yana tausasa farce mai kauri har a iya kankare ruɓaɓɓen, maganin shafawa ya sami hanya. Ana kuma tallar hasken leza, sai dai izinin da aka ba na'urorin a Amurka na ƙara hasken farce na ɗan lokaci ne, kuma hujjar cewa suna kawar da cutar ba ta yi ƙarfi ba.

Duk da abin da ya same ni, ba na son in zalunci maganin gida, domin ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Man zafin nan Vicks VapoRub an gwada shi a wani ƙaramin bincike da aka wallafa a 2011. Mutum 18 suka shafa kullum har mako 48, 5 suka warke, 10 suka sami sauƙi, 3 ba su ga canji ba. Mutum 18 ba yawa ba ne, kuma ba a kwatanta su da waɗanda ba su shafa komai ba, amma ba za a ce babu komai a ciki ba. Man itacen tii-tiri na ƙasar Ostiraliya shi ma an gwada shi a 1994 a kan mutum 117, aka kwatanta shi da kulotirimazol, wani maganin fangas na shafawa, ana shafawa sau 2 a rana har wata 6. Ƙwayar ta mutu a wajen kashi 18 na masu man, da kashi 11 na masu kulotirimazol. Wato cikin kowane mutum 5, fiye da 4 suna nan da cutarsu. Man kuma yana jawo wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma guba ne in yaro ya sha. Ku lura da abu ɗaya a gwaje-gwajen nan biyu: watanni aka yi ana shafawa ba fashi. Ni da na shafa man zafi mako 3 na ajiye, ko shi ban ba shi haƙƙinsa ba. Ra'ayina shi ne, mai ɗan tabo a bakin farce ɗaya, wanda ba shi da suga, in ya ga dama ya gwada irin waɗannan marasa cutarwa, amma ya yi zane kamar yadda aka yi mini, in bayan wata 3 tabon ya tsallake zanen, ya daina ɓata lokaci.

Waɗanda nake roƙo a guje musu baki ɗaya su ne masu ƙona fata: ɗanyar tafarnuwa a ɗaure, bilic, kananzir, da duk wani ruwa mai cin nama. Fatar da ta ƙone ƙofa ce ga wasu ƙwayoyin cuta da suka fi fangas sauri da muni. Sai kuma mayukan nan na haɗe-haɗe masu sinadarin sitiroid a ciki. Suna kwantar da ƙaiƙayi nan da nan, mutum ya ɗauka ya warke, alhali sun raunana garkuwar fatar ne, ƙwayar ta ƙara bazuwa a ɓoye. Da na kai wa likitar kwalin man da na daɗe ina shafa wa cin ruwa, ta nuna mini sunan sitiroid a jikinsa. A Indiya yawan amfani da irin waɗannan mayuka yana cikin abubuwan da ake dangantawa da ɓullar wani nau'in ƙwayar da terbinafin ba ya yi wa tasiri sosai, kuma nau'in ya riga ya isa wasu ƙasashe.

In ana maganar abin da gida zai iya yi da gaske, to a wajen rigakafi da hana dawowa ne, kuma nan aikinsa babba ne, don cutar tana komawa wa mutane da yawa bayan sun warke. Ni yanzu takalman aiki biyu gare ni, ina sa ɗaya yau ɗaya gobe, wanda ke hutu yana shan iska ya bushe. Tsofaffin da na yi shekarun cutar da su na zubar, duk da ba su mutu ba. Safa ba ta kwana biyu a ƙafata, kuma da ruwan zafi ake wanke ta, domin ruwan sanyi ba ya kashe ƙwayar, sai ya kai wajen digiri 60. Bayan wanka ina tsane tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, abin da a da ban taɓa damuwa da shi ba. Ba na taka banɗakin wurin aiki ba silifa. Abin yankan farcena nawa ne ni kaɗai, kuma lokacin jinya biyu na ajiye, ɗaya na mai ciwon, ɗaya na sauran. Da na ji alamar ƙaiƙayi a tsakanin yatsu sai in fara man kashe fangas zalla, in ƙarasa kwanakin da aka rubuta ko da ƙaiƙayin ya tafi a rana ta uku. Ɗana babba ma da aka duba shi an same shi da cin ruwa, aka yi masa magani tare da ni, in ba haka ba da mun yi ta miƙa wa juna.

Matata ta sa ni in ƙara wannan, kuma tana da gaskiya. Masu aikin da hannunsu ba ya fita daga ruwa, nasu ciwon sau da yawa daban ne. Gefen farce ne ke kumbura ya yi ja, ya riƙa zafi, fatar gindin farcen ta janye, daga baya farcen ya yi gargada. A nan jiƙa da sabulu ne tushen matsalar, ƙwayar kandida, wani nau'in fangas, kuma ta samu wurin zama. Maganin yana farawa ne daga busar da hannu, da sa safar roba wajen wanki, da daina yanke ko tura 'yar fatar nan ta gindin farce, wadda ita ce murfin da ke hana ruwa shiga. Rufe lalataccen farce da farcen kanti kuwa ƙara masa laima ne kawai.

Akwai kuma abin da ba a jira da shi ko kaɗan. Baƙin layi a tsawon farce abu ne da ake yawan gani ga masu baƙar fata, kuma galibi ba komai ba ne, musamman in ya daɗe bai sauya ba ko yana faratai da dama. Amma in layi ɗaya ne sabo, yana ƙara faɗi, ko baƙin ya malalo kan fatar gefen farce, ko wurin yana jini ba ya warkewa, a je a duba, kada a tsaya shafe-shafe da sunan fangas. Mawaƙin Jamaika Bob Marley, wanda ya rasu a 1981 yana da shekara 36, kansar fata ce da ta fara a ƙarƙashin farcen yatsan ƙafarsa ta yi ajalinsa, kuma da farko an ɗauka raunin ƙwallo ne.

Ga masu ciwon suga kuwa, ina magana ne da idon wanda ya kwana a gefen gadon yayansa. Kada reza ta kusanci ƙafarku. Kada ku jiƙa ta a wani haɗi, kada ku ɗaura mata komai. Farce mai kauri a kai shi wurin ma'aikacin lafiya ya rage shi, kuma kowane dare a duba ƙafa da ido, har ƙarƙashinta da tsakanin yatsu, tunda ba lallai a ji zafin rauni ba. In ido ba ya gani sosai, a sa wani a gida ya duba. Yaya yanzu 'yarsa ce ke yi masa, da fitila a hannu.

Roƙona gare ku, Edita, ku gayyato likitan fata ya yi bayani a shafinku na lafiya, da hotunan da za su nuna bambancin farcen fangas da na bugewa da na soriyasis, kuma ku riƙa tantance tallar maganin da ke alƙawarin warkarwa cikin kwanaki kafin ku ba ta fili. Shi Yaya, saboda magungunan da yake sha, likitarsa ba ta ba shi ƙwaya ba. Ana rage masa kaurin faratan duk bayan wata 2, yana kuma shafa na farce. Yanzu yana wata na 7, kuma a ɗaya daga cikin ukun zanen ya matsa gaba har kusan tsakiya.

Na gode.

Naku,
Wani mai karatunku na kullum